Babin da Ya Rage Tsakaninmu

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma ni ce zan karanta maka, tunda idanunka sun riga ka tafiya da daɗewa.

Gida lafiya. Inna ta koma ɗakin gabas saboda ƙafarta. Yaya Sani ya buɗe shagonka na unguwar Marjandafak, yana sayar da yadi kamar yadda ka bari, sai dai har yanzu bai iya ciniki ba. An sare dalbejiyar ƙofar gida.

Muridan zawiyarku ta unguwar Amrigebe sun yi ta sintiri a gidanmu. Suna so in rubuta tarihin Shehunku kafin taron bana, tunda kai ne na ƙarshe da ya zauna gabansa, ni kuma daga bakinka na ji. Na rubuta. Akwai fitowarsa daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, da noman da ya yi a hanya don guzuri, da tsallake kogin Shari, da yadda yake ɗinke wa ɗalibansa riga da hannunsa. Abu ɗaya ne babu: abin da ya sa ya sauke kaya a garin nan, ya tsufa yana kallon ayari na wucewa gabas, bai ƙarasa ba.

Ka fi kowa sanin dalilin da ya sa ban rubuta shi ba. Tsarinmu ne tun ina lise, wato sakandare: in karanta maka babi ɗaya na littafin 'yan leƙen asirin yaƙin Turawa, ina juya Faransanci zuwa Hausa, kai kuma ka ba ni labari ɗaya na Shehu. Babi da babi. Muƙaddami guda, da carbi a hannu, kana musu da ni a kan wanda ke tona asirin abokansa. Da an yi sallama sai ka tura littafin ƙarƙashin buzu.

Littafinmu na ƙarshe kwance na saya a bakin kasuwa, ban duba bayansa ba. Ashe babin ƙarshe a yage yake. Ka ce to, naka babin, na dalilin zaman Shehu, shi ma sai ya jira. Na ɗauka wasa ne. Me ya sa ka riƙe, Baba? Don in dinga zuwa? Ai ko babu littafi ina zuwa.

Malam Habu, wanda ya gaje ka a zawiya, ya ce in rubuta cewa mafarki Shehu ya yi aka umarce shi ya zauna, wai haka ake rufe irin wannan tarihi. Wataƙila mafarkin ne. Wataƙila guzuri ne ya ƙare, wataƙila mace ce. Ban ji daga bakinka ba, don haka na bar rabin shafi fari. Ya ce in haka ne ba za a karanta shi a taron ba. Na ce to.

Watan jiya na ci karo da irin littafin nan cikakke a unguwar Shagwa, wurin wani mai gyaran rediyo. A tsaye na karanta. Mai tona asirin ba direban nan na cikin littafin ba ne, Baba, duk rantsuwar da ka yi ta yi. Likitan ne, wanda ka ce daga jin maganarsa mutumin kirki ne.

To ga nawa babin, na kawo. Ina jin haushinka kaɗan, ina kuma kewarka ƙwarai.

Allah ya haskaka kabarinka. Ka ajiye mini naka, sai na zo.

'Yarka mai karanta maka,
Hadiza