Dodon da ke Cikin Wayar Uwani

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar garinmu, can bayan Zurmi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima. Ni ne Bawa. Na tsufa, Inna. Na wuce shekarun da kika yi a duniya, haƙoran gaba sun zube, amma taurin kan nan da kika sani yana nan, ko kaɗan bai ragu ba.

Kin san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Isiya tela, maƙwabcina, shi ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mishi kada ya gyara mini magana. Ya ce zai sa ta a waya mutane su karanta. Na ce ya sa, ba abin kunya na faɗa ba. Na san wasiƙa ba ta isa kabari. Amma akwai maganar da ba ni da wanda zan kai wa sai ke.

Ba mu garinmu yanzu. Ɓarayin daji sun tashe mu, muna Kaura, a gidan haya bayan tsohuwar tashar jirgi. Ni da na san iyakar gonar kowa da kabarin kowa, yau sai na tambayi yaro hanyar masallaci. Amma ba wannan ya sa na kira ki ba. Maganar Uwani ce, takwararki, autata, wadda kika goya kafin ki rasu.

Ranar da suka shigo, sun kashe mijinta Garba a bakin rumbu, suka tafi da ita daji tare da wasu mata. Ɗiyarta Rabi ta tsira don tana wurina a gona. Tun farkon damina Uwani na hannunsu, sai da aka fara yankan gero muka karɓo ta.

Ta dawo, amma kamar ba ta dawo ba. Tana sallah, tana shara, tana cin abin da aka ba ta. Ba ta dariya, ba ta kuka. Ko Garba ba ta yi wa kuka ba. Ta gama takaba shiru kamar wadda aka aika ta yi wa wata.

Sai wata maƙwabciya ta ba ta tsohuwar waya. Waya, Inna, wata 'yar aba ce kamar tafin hannu, da gilashi a fuska. Kin tuna majigin da aka taɓa kawowa Zurmi, kika hana ni zuwa, na je? To yanzu majigin duniya duka yana cikinta. In ka saya mata abin da suke kira data, sai ka zaɓi wanda kake so, ya zo maka ta iska. Sauran matan gidan na kallon na waƙa da na soyayya. Uwani ba ta kallon komai sai na ban tsoro. Ta soya awara da safe, abin da ta samu ta sa data, bayan azahar ta zauna gindin dogonyaro, ta cusa igiya a kunne. In ka leƙa, sai ka ga gida mai duhu, mace na gudu, jini a bango. Ita kuwa fuskarta ko motsi.

Mata suka fara magana ƙasa-ƙasa. Wasu su ce iska ce ta biyo ta daga daji, wasu su ce zuciyarta ta ƙeƙashe, jini take son gani. Magana ta yi tafiya har Shinkafi, ta isa kunnen Lawali, wan Garba, da gudun nan ya kai shi can. Ya aiko mini cewa bayan cin kasuwa zai zo ya ɗauki Rabi, don ba zai bar jinin ƙanensa hannun wadda ba ta cikin hankalinta ba. Kin san ƙa'ida, Inna. Ɗa na gidan ubansa ne, ba ni da bakin hanawa. Kuma na sani, in aka ɗauke yarinyar nan, abin da ya rage na Uwani ya ƙare.

Tsoro ya sa na yi wauta. Na same ta tana tsakiyar kallo, na fizge wayar, na ce, "Kina so a raba ki da ɗiyarki saboda wanga shaiɗanin gilashi?" Ba ta yi mini gardama ba. Ta ɗago kai kawai ta ce, "Baba, saura kaɗan." Na ce ko saura ƙiris ne an gama. Na kulle wayar cikin akwatina, ina ganin na yi maganin abu.

Ashe ɓata shi na yi. Ta daina awara, ta daina cin abinci. Ta koma bakin ƙofa ta zauna. In an rufe ƙofar ta buɗe, in an buɗe ta rufe. Kowane takun ƙafa sai ta zabura. Rabi ta zo ta jingina da ita, ba ta ma san ta zo ba. Ina zaune ina kallonta, ina cewa a raina gara haka da wancan, don kin san ni da yarda na yi kuskure.

Ke kika karya ni, Inna. Na tuna wata rana bayan cin tuwo, kina ba mu tatsuniyar dodon rijiya, kin kai daidai inda ya riƙe ƙafar yarinya, sai Baba ya kira ni in je in ɗaure jaki. Ke da ban taɓa jin kin mayar mishi da magana ba, ranar kika ce, "Malam, bari yaron nan ya ji ƙarshe. In ya tashi yanzu, da dodon zai kwana." Kuma haka kike kullum. Kin iya tsorata mu har mu cusa kai cikin zaninki, amma ba ki taɓa sallamar mu ba sai kin kashe dodo, kin kawo yarinya gida, an ba ta ruwa ta sha, sannan ki ce ƙurunƙus. Sai na ga abin da na yi. Na katse wa takwararki labari a tsakiya, na bar ta da dodo.

Na buɗe akwati, na kai wayar aka yi mata caji, na dawo na shimfiɗa tabarma kusa da ita. Na ce, "Matsa. Tare za mu ga ƙarshen abin nan." Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, sannan ta miƙo mini kunne ɗaya na igiyar.

Inna, naki dodon yana da ƙaho da ido kamar garwashi, kowa ya gan shi ya san shi. Na cikin majigin nan riga yake sawa, yana gaisuwa da ladabi, yana kawo wa wata mata abinci a kwano. Ya kulle ta a wani gida can cikin daji, yana gaya mata cewa waje ne ke da haɗari. Ban jin yarensu, amma ban buƙaci tafinta ba. Akwai inda ta lallaɓa ta kai hannu ga sakata, shiru, shiru, sai ga fuskarsa a taga. Na ce a'uzubillahi da ƙarfi, na shure buta, ruwa ya malale tabarma. Da na waiga, sai na ga gefen bakin Uwani ya motsa. Ta ce, "Baba, in ba ka iyawa ka tashi." Na ce, "Ni? Na kwana a dajin da kura ke kuka tun ba a haifi uwarki ba." Na tayar da butar, muka ci gaba da kallo.

A ƙarshe matar ta fita. Ta bi ta gonaki da ƙafa ba takalmi, gari ya waye mata a bakin titi, wata mota ta tsaya, aka lulluɓa mata mayafi. Na ce alhamdu lillahi, zan miƙe, sai na ga Uwani ta sa yatsa ta mayar da hoton baya, zuwa inda matar ta taka titi. Ta kalla. Ta sake mayarwa. Ta sake.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Ita an nuna fitowarta. Ni ban ga tawa ba, Baba. Ina can, sai na farka a ɗakin nan. Wani lokaci sai in ga kamar har yanzu ina can, nan ɗin ne mafarki."

Nan na gane abin da take nema a cikin jinin nan da duhun nan. Da zazzaɓi muka karɓo ta, ba ta san inda kanta yake ba. Kowa ya yi ta murna ta dawo, ba wanda ya zauna ya gaya mata yadda ta dawo. Mun ɗauka rufe maganar shi ne tausayi.

Kin hana tatsuniya da rana, na sani. Ki yafe mini, da rana tsaka na yi, kuma ba ƙirƙira ba ce. Na ce mata, "Saurara, ni na gani da idona." Na gaya mata wani dattijo Bafillace, wanda shi ma an kwashe mishi shanu, shi ya raka mu har bakin rafi. Na gaya mata a gefen gonar dawa aka ajiye ta, gindin wata kanya, da takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce ta rame har ban shaida fuskarta ba, sai da na ga tabon kunun da ya ƙona ta a idon sawu tana ƙarama. Na ce dattijon ya kwance rawaninsa muka ɗaure ta a bayan mai babur, ni ina baya ina riƙe da kanta. Na ce kafin mu tashi na zuba mata ruwan gora a fuska, ta buɗe ido, ta dube ni, ta yi magana guda.

Ta ce, "Mi na ce?"

Na ce, "Cewa kika yi, Rabi ta ci abinci?"

Inna, kukan da ta riƙe tun damina, ranar ya zo. Ta kifa kai a gwiwata kamar 'yar yaye. Matan gida suka fito da gudu, na ɗaga musu hannu, na ce kowa ta koma ɗakinta.

Lawali ya zo yadda ya ce, a kan babur, da sabon zani na matarsa da zai ɗaure Rabi a bayansa. Ba mugu ba ne, kin san shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, wallahi ba ƙiyayya ba ce. Abin da ya rage mini na Garba ke nan. An ce uwar ba ta da aiki sai kallon kisa."

Na ce, "Lawali, ba kai ne ke tsallako katangarmu kana yaro ba, ka zauna gaban Inna kana roƙon a yi ta dodo? Ka jiƙa wando, a raka ka gida, gobe ka dawo ka ce a sake? Wa ya ce kana da iska?"

Ya yi dariya ya rufe fuska da hula, ya ce, "Haba Baba, a gaban mutane?" Na ce ban ma fara ba, na san na ubanka. Sannan na gaya mishi abin da ta ce a gindin kanya. Na ce, "Wadda ba ta san sunanta ba amma ta san cikin ɗiyarta, ita za ka karɓe wa ɗiya? In ka ɗauka, haƙƙinka ne, ba ni tare maka hanya. Amma ka shiga ka karɓa da hannunka, ni ba ni miƙo ta."

Bai kai ga shiga ba. Uwani ta fito da kanta, riƙe da hannun Rabi. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Ya haƙurin Garba? Ban samu na yi maka gaisuwa ba." Muryarta ta karye a sunan. Lawali ya juya baya ya daɗe yana goge ido da hannun riga. Da ya juyo, sai ya miƙa mata zanin ya ce, "A ɗinka wa Rabi riga. In sallah ta zo ku kawo mini ita ta kwana biyu, ta san gidan ubanta." Ya hau babur ya koma Shinkafi shi kaɗai.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ta warke ba. Har yanzu takan zabura, har yanzu takan kalli abin nan, ko da ba kamar da ba. Ni kuma har gobe ba na son shi, kuma na ce duk ranar da na ga an nuna wa Rabi, rijiya zan jefa wayar. Amma in ta ɗauko, nakan jawo tabarma. Wurin da ya yi muni ina rufe ido, ita ke taɓa ni ta ce, "Buɗe, Baba, ya wuce."

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da Aljanna. Allah ya jiƙan Garba da duk waɗanda aka rasa. Matan da har yanzu ke daji, Allah ya fito da su, ya sa a samu wanda zai zauna ya gaya musu sun fito. Allah ya raya Rabi a gaban uwarta. In ya nufa ƙasa ta lafa, ina so in koma a binne ni kusa da ke.

Ɗanki mai taurin kai,
Bawa