Fankar Inna da Murjanin Audu

Legas, 3 ga Afrilu

Yaya Tasalla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun Mukhtari direban motar albasa.

Hoton da ya ɗauko mini ya ɓata mini rai. Murjanin da na bari ruwan ƙasa-ƙasa ya koma fari fat kamar alli. Sau nawa zan gaya miki ba dutse ba ne? Halittar teku ce mai rai, zafi kashe ta yake yi. Shekara huɗu ina renonsa a akwatin gilashin nan, da aiki bai dawo da ni Legas ba, wa zan bar wa shi? Fankar da na kafa don ta riƙa sanyaya ruwan ban gan ta a hoton ba. Ina take? Ki mayar da ita, kuma ki riƙa ba ni labarinsa duk mako.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Abdulaziz

Illela, 9 ga Afrilu

Audu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, tunda ka tambaya a layi ɗaya ka wuce.

Fanka tana ɗakin Inna, ni na kai ta. Sati uku ba a kawo wuta ba, batirin solarka kuwa injin ruwan akwatin da fanka ɗaya kawai yake ɗauka. Zafin bana ko awaki sun san da shi. Tsohuwar da ta haife ka hawan jininta ya tashi, da azahar sai na jiƙa zane na lulluɓa mata.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Gishirinka na kanti nake auna masa, ƙanƙara nake sa masa a leda safe da yamma. Baffa Jaɓɓo maƙwabcinmu har gishirin balma ya kawo, irin wadda yake ba shanunsa in sun rame, da ƙyar na hana shi zubawa. Gari ya gama yi mini dariya, wai Tasalla mai jinyar dutse.

Na ƙirga, sau biyar ka ambaci abin nan a takardarka. Inna ko sau ɗaya. Irin wannan hali ya sa na daina ɗaga wayarka, don kada in zage ka.

Allah ya shirye ka.
Tasalla

Legas, 15 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ba ki fi ni son Inna ba, ki daina yi mini wannan gorin. Amma a faɗi gaskiya, shekara saba'in ta yi a zafin Illela ba fanka, bai kashe ta ba. Shi kuwa kwana kaɗan ya ishe shi. A yi mata fifita da mafici mana, ƙarshen wata zan aiko da wani batirin. Amana na ba ki, ban roƙe ki wa'azi ba.

Ki gaishe ta.
Abdulaziz

Sakkwato, 29 ga Afrilu

Abdulaziz,

Salamu alaikum. Ka manta Inna ba ta barin takardarka ta shigo gida ba a karanta mata ba. Na tsallake layin da ka ce zafi bai kashe ta ba, ta lura, ta sa Mukhtari ya maimaita mata tun daga farko.

Ba ta yi fushi ba, ni ce na yi. Cewa ta yi, "Mi ag gamina da hwanka? Gaskiyatai. Ku mai da ma abin Audu iskatai." Na ƙi. Da na dawo daga kasuwa na tarar ta ja ta da kanta har bakin akwatin. Sau uku ina mayarwa tana dawo da ita, har ta rantse in na sake taɓawa ba ta yafe ba.

Ranar Laraba da la'asar ta faɗi a tsakar gida. Muna asibiti, ɓarin damanta ba ya motsi, magana sai an kasa kunne. Jiya ta kama hannuna ta tambayi abu ɗaya, ba kai ba, ba ni ba, murjaninka.

Ka ce in riƙa ba ka labarinsa. Baffa Jaɓɓo ya duba, launinsa ya fara dawowa.

Wassalam.
Tasalla