Eriyar Ramla da Makewayin Zango

Zangon Lome, ranar Talata

Zuwa ga uwargida Hajiya Batul, a Sokode.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya mai jego Najwa da jaririnta? Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai dai tuwon da maƙwabta ke aiko mini, wanda nake ci don zumunci kawai.

Kin tafi wankan jego kin bar ni da rigima. Kin san jikarmu Ramla da abokin karatunta Sharfaddeen sun kafa ɗan kamfani, wanda ni ban ga komai a cikinsa ba sai kwamfuta da yawan shan shayi. To, an ɗauke su a wani shiri mai renon ƙananan kamfanonin da ke son aiki da tauraron ɗan'adam. Kullum sai ta hau zemijan, acaɓar nan tamu, zuwa unguwar Tokoin a koya musu aiki. Nufinsu su riƙa karɓo hoton gajimare daga sama, su aika wa 'yan kasuwa saƙo ta waya da Hausa da Ewe kafin ruwa ya sauko, don kada a maimaita bara, da ruwa ya ruɓar da albasar rabin Zango. Sharaɗin shi ne masu shirin za su zo ƙarshen wata su ga eriyarsu tana aiki. In ba ta aiki, a sallame su a ba wasu gurbin.

Na ba su rufin ɗakina suka kafa ta, wata aba kamar ƙashin kifi. Da sun yi shiru da an wuce wurin. Amma Sharfaddeen ya tsaya a ƙofar gida yana cika baki, rabi Hausa rabi Faransanci, wai tauraro ba abin da ba ya gani a doron ƙasa. Mai koko tana jinsa. Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa Ramla ta kawo idon da ke leƙen makewayi, kin kuma san namu na Zango ba su da rufi.

Hajiya, da za ki hau sama yau da kin sha kallo. Kowane makewayi an yi masa rumfa, wannan da tsohon zane, wancan da buhun shinkafa. Ƙawarki Hajiya Haulatu mai bene ta ja mata zuwa wurin liman, shi kuma ya ce a sauke eriyar har a gane gaskiyar magana. Ramla da hannunta ta sauke. Ba ta yi kuka a gabana ba, amma abincinta na nan a rufe tun jiya, kuma na daina jin tana tsokanata da tsohon miji. Wannan shirun ya fi komai damuna.

Don Allah ki kira Haulatu, ke take ji. Ki shafa mini kan jaririn.

Mijinki,
Malam Iddi

Zangon Lome, ranar Asabar

Zuwa ga uwargida Hajiya Batul.

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da mai jego da mutanen gidan duka. Saƙonki ya iso. Na roƙe ki ki kira Haulatu, ke kuma sai kika tambaye ni ko an rufe namu makewayin. Na gode, na san inda kika tsaya.

Da Ramla ta ga ba mai shigar mata, sai ta buga babban hoton Lome irin wanda tauraron nasu ke aikowa, ta kai islamiyyar mata bayan darasi. Na raka ta, na zauna a bakin ƙofa da carbina, kunnena a ciki. A hoton ga teku, ga gajimare, birnin duka kuwa bai wuce dangwalen yatsa ba. Ta ce kowace ta zo ta nuna gidanta.

Haulatu ta sa tabarau ta duƙa. Ta daɗe tana nema, ta juya hoton, ta sake juyawa. Can ta ɗago rai a ɓace ta ce, "Yanzu duk hawa biyun nan da na gina, abin nan bai gan ni ba?"

Mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ramla ba ta yi ba, yarinyar akwai hankali. Ta ce wa Haulatu eriyar ma ba ta da ido, saurare kawai take yi, kuma ta fi ji daga wuri mai tsawo, ga shi mangwaron maƙwabcinmu yana tare mata sama. Haulatu ta ce ai ba sai an faɗa ba, gidan Malam Iddi wane tsawo gare shi, a kai ta benenta, a can ta dace tun farko. Liman da ya ji mai ƙara ta zama mai masauki, ya sa albarka.

Masu shirin sun zo shekaranjiya, sun hau benen, sun ga hoto yana saukowa. Su Ramla za su ci gaba. Haulatu ta dafa musu wake da shinkafa, tana ta ce musu eriyata. Sharfaddeen kuwa an hana shi magana a ƙofar gida. Ramla ta cinye abincinta ta haɗa da nawa, ta kuma ce in shirya, tsohon miji, don ta kusa fin ƙarfina.

Rumfunan unguwa duk an sauke. Tabarmar da na shimfiɗa a kan namu makewayin tana nan. Na ce wa Ramla saboda rana ce, ta dube ni ta ce to, Kaka. In kin dawo ki sauke ta da kanki.

Ki gaida Najwa da maigidanta. Allah ya raya jariri, ya dawo mini da ke lafiya.

Mijinki mai jiran tuwonki,
Malam Iddi