Kumfar da Ta Liƙe Ƙofar Inna

Zuwa ga ƙanena Kyari, a Fagge.

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya matarka Jawahir da yara? Kai ba sai na tambaye ka ba, labarin aikinka ya iso Istanbul.

Gwangwanin kumfar toshe kafa na aiko don a toshe gefen tagar Inna, zafi da sauro su ƙyale ta. Na ce a ɗaura siririn bututun roba a bakinsa, a kifa gwangwanin, a zura cikin kafar, a cika rabi kawai, domin kumfar kumbura take yi. Sai ka zubar da bututun, wai tarkace ne. Ka yi ta fesawa kamar maganin sauro har jikin ƙofa, ka kuma ja ƙofar wai don ta kama! Kumfa ta bushe, ƙofa ta liƙe. Inna ta wuni a tsakar gida cikin rana, maganin hawan jininta yana cikin ɗakin, sai da Sylvester kafinta ya zo daga Sabon Gari da zarto.

Ni lafiya lau nake. Wannan kumfar nake fesawa kullum a saman gini, sanyi ya tsattsaga mini yatsu, amma ka ci gaba da ce wa Inna a ofis nake.

Ga wani bututun nan, a ba Sylvester, kada ka taɓa. Ina nan uwa duniya na san inda sauro ke shigar wa Inna. Kai bango ɗaya ne tsakaninku.

Allah ya ƙara mata lafiya.

Yayanka,
Grema