Na Zama Farfesa, Inna Ta Ce Ba Za Ta Zo Ba

Assalamu alaikum Anti Furera. Don Allah ki taimake ni da shawara, ina cikin farin ciki amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai.

Ni 'yar ruga ce daga gefen Doguwa, a Tudun Wada na yi sakandare, yanzu ina koyarwa a jami'a. Fannina yana da wuyar bayani a gida: da ilimin fiziks nake nazarin jikin mai rai. Ciwon sikila ne ya yi ajalin ƙanena Sha'aibu, tun lokacin na ɗaura ɗamarar gano yadda jajayen ƙwayoyin jini suke lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi. Shekara da shekaru ina kama ƙwaya ɗai-ɗai da siririn haske ina auna taurinta. Wasu sun ce aikin Turawa ne, ba na 'yar nono ba. Wuta ma ta sha ɗaukewa ta ɓata mini gwajin wata guda, in zauna in yi kukana in sake. Alhamdulillahi, yau hanyar awon da na fito da ita ana aiki da ita a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, masana suna kafa hujja da rubutuna, ɗalibaina kuma sun zama malaman wasu. Bana aka ba ni farfesa. Wata mai zuwa zan gabatar da laccar kama kujera, wadda sabon farfesa ke yi a gaban jama'a.

To Anti, ni ce 'yar fari. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "waccan". Ba ta haɗa ido da ni, ba ta yabona. Da na je da albishir, kaskon tuya ta ci gaba da kankarewa, ta ce Allah ya kyauta. Da na ce na tanadar mata kujera a sahun gaba, zan kuma tsayar da ita duniya ta ga wadda ta haife ni, sai ta tashi ta shige ɗaki. Goggo Tani, ƙanwar babana da ta raine ni, ita ta kawo mini saƙo cewa Inna ba za ta zo ba.

Na san kunya ce, amma wallahi ya yi mini ciwo. Baba ya rasu, ita kaɗai ta rage mini. In matsa mata ne, ko in haƙura in yi taron babu ita?

'Yar Fari, Doguwa

Wa alaikumus salam Farfesa. Barka, barka! Kin fitar da mu kunya, Allah ya jiƙan Sha'aibu.

Kina da gaskiya, babu ɗan da ba ya son ganin mahaifiyarsa a ranar da ya yi fice. Amma ke da kike lallaɓa ƙwayar jini don kada ta fashe, ya aka yi kika je wa Inna da ƙarfi haka? Matar da ta yi rayuwarta ba ta ambaci sunanki ba, kika ce za ki tsayar da ita gaban jama'a ana tafi. A wurinki karramawa ce, a wurinta tonon silili. Ni a ganina ba taron ta ƙi ba, kujerar gaba ta ƙi.

Kada ki sake tunkararta da kanki. Ki koma ta hannun Goggo Tani, ita ce ma ta dace da sahun gaba tunda ita ta goya ki. Ta shaida wa Inna cewa ba za a kira sunanta ba, ba za a nuna ta ba, babu mai ɗaukarta hoto, za ta zauna a baya cikin matan dangi. Ki kuma cika wannan alkawari, ko da zuciyarki ta motsa a kan mumbari. Idan duk da haka ta ƙi, kada ki riƙe ta a rai, ki je gida bayan taro ki durƙusa ki nemi albarka.

Idan kuwa ta zo, kada ki dubi inda take. A ranar, ke kowa zai zuba wa ido, don haka ita ma za ta samu ta kalle ki son ranta, ba mai ganin laifinta. Wataƙila ta daɗe tana jiran irin wannan rana fiye da ke.

Allah ya sa a yi taro lafiya, ya ƙara ɗaukaka, ya bar miki Inna.

Anti Furera