Rabin Farantin Taliya

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina gajiya? Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Ya 'yata Rabi da ƙannenta, ya mutanen Belbeji? Ni ma nan Yamai lafiya lau, sai kewa.

Ran Asabar shugabar aikinmu ta kai mu wani gidan abincin 'yan Italiya. Yaya, farantin taliya ɗaya ya kusa kuɗin ɗan akuya a kasuwarmu! Mu shida ne, kowa da farantinsa, kowa kansa a kan waya. Na ce, "Bismilla, ku matso," ba wanda ya ɗago.

Taliyar da daɗi, ba ƙarya, ga cuku ya narke a kai. Da na ci rabi sai hannuna ya tsaya da kansa, na ture farantin gefe, yadda Inna ta koya mana: babba ba ya suɗe kwano, sai ya rage wa yara. Mai kawo abincin ta ce, "Madam, bai yi daɗi ba ne?" Na ce ya yi. Ta ce, "To me ya sa kika rage?" Na buɗe baki zan ce na su Rabi ne, sai na tuna inda nake. Ina kallo ta ɗauke.

A sa ni a addu'a, Allah ya sa a ba ni hutun Sallah. Ki gaida Inna da kowa. Ki ce wa Rabi, tun da na zo garin nan ban taɓa cinye abincina ba.

Ƙanwarki,
Zara'u