Kowa Yake Ce wa Haka

Lahadi, 6 ga Oktoba

Lujain, wata yarinya a sashena, ta kai ƙarar Abu Samir, manajanmu. Wai yana ce mata "habibti", wato masoyiyata, da "zuciyata". Da na ji sai na zauna a kan buhun gishiri. Mutumin da ya ɗauke ni aiki a kamfanin zaitun ɗin nan tun ɗana Ziyad yana shan nono! A nan garin Irbid na Jordan wa ba ya cewa habibti? Mai tumatir yana faɗa, direban bas yana faɗa. Ni ma haka nake kiran 'yan matan sashena. To ni ma ƙarata za a kai ke nan?

Litinin, 7 ga Oktoba

An turo lauya daga babban ofis na Amman, Ustaza Hala. Ta tara mu a ɗakin cika kwalabe, ta ce dokar aiki ta hana cin zarafin ma'aikaci, ko da da fatar baki ne. Talata ta sama za ta ji ta bakina, tunda ni ce shugabar sashen Lujain. Kwantiragin yarinyar zai ƙare ƙarshen wata. In aka ce ƙarar ƙarya ce, ba za a sabunta ba. Ita ke riƙe da uwarta.

Da za a tashi Abu Samir ya tare ni a ƙofa: "Ummu Ziyad, ke dai kin san ni. Kowa nake ce wa haka. 'Ya'yana ne." Na ce ƙwarai kuwa. Kuma har ga Allah na yarda da abin da na faɗa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Tunda shaida zan bayar, na ce bari in kasa kunne, kada in rantse a kan zato. Maza dai Abu wane yake ce musu, ko Ustaz. Ni Ummu Ziyad. Matan aure duka haka. Lujain ko kallonta ba ya yi yanzu. Dima kuwa, mai liƙa takarda a kwalabe, "hasken idona". Ƙila bambancin manya da yara ne. Ƙila.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Da safe da kunnena na ji: "Hasken idona, miƙo tiren nan." Bayan azahar Dima ta raba kunafa, kayan zaƙin murna, an yi mata baiko. Abu Samir ya ɗauki yanka ɗaya, ya tambayi wane ne mai sa'ar. Ta ce ɗan sanda ne a garin Ramsa. Sai ya ce, "Allah ya sanya alheri, 'yar'uwa Dima." 'Yar'uwa! Hannun da kullum yake ɗorawa a bayan kujerarta ya koma aljihu. Shekarunta dai ba su ƙaru ba tsakanin safe da azahar.

Na ajiye sauran kunafata.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na samu Ummu Firas, abokiyar aikinmu, tana wanke ganguna, na yi mata zancen a kaikaice. Ta girme ni nesa ba kusa ba, bakinta kuma ba ya da linzami.

"Ke, yau kika farka? Ni fa ina Ummu Firas har ranar da Abu Firas ya rasu. Ina dawowa daga takaba na zama zuciyata. Da furfurata! Na ce to, tsohuwa ta samu ƙarin girma."

Ta yi dariya har da tari. Na ce me ya hana ki faɗa?

"In faɗa wa wa? Ke? Ke da maigidanki ke sauke ki a bakin ƙofa kullum, su gaisa da manaja hannu biyu?"

Uban Lujain ya rasu, ba ta da ɗan'uwa namiji. Na san wannan tuntuni, ban dai taɓa haɗa shi da komai ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Lujain ta biyo ni wajen alwala. "Inna, ba sunan ne kaɗai ba. In ya faɗa sai ya tsaya a kaina har in amsa da murmushi. Ranar da na ƙi, washegari ina ɗakin ruwan gishiri." Ta buɗe tafukanta. Duk sun tsattsage.

Maigidana Abu Ziyad ya ce, "Ki ce ba ki lura ba. Ba ƙarya kika yi ba, ai da ba ki lura ba." Kuɗin makarantar Ziyad daga albashina yake fita. Ƙila shi ke da gaskiya. Ƙila ni ce nake ganin abin da babu.

Talata, 15 ga Oktoba

Ustaza Hala ta ce, "Ya ce kowa yake kira haka. Gaskiya ne?" Da "e" na shiga ɗakin, tana kan harshena. Sai na ji bakina ya ce, "A'a. Sai wadda ba ta da namiji a bayanta." Na ba ta labarin Dima. Na Ummu Firas na ce ta tambaye ta da kanta.

Ina fitowa na samu Abu Samir a baranda da kofin gahawa. Fuskata ya duba, ya gane. Ya ce, "Na gode, Nahla." A gaban direbobi. Sunana tsirara, ba Ummu, ba komai. Tunda na haihu, ba namijin da ya taɓa kirana haka a wajen gida.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ummu Firas ta ce wa lauya ita ba ta tuna komai ba. Ban ga laifinta ba. Ina jin ban gani ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An sabunta kwantiragin Lujain. Shi kuma gargaɗi aka yi masa, yana nan a kujerarsa. Kowa "Malama" yanzu, yana faɗa kamar mai tofar da ƙwallon zaitun. Ni ba ya gaishe ni.

Lokacin cin abinci mata suka yi da'ira kamar kullum, suka bar Lujain ita kaɗai a bakin taga. Wai ta kunyata uban 'ya'ya. Na ɗauki burodina da yajin za'atar na koma can, ba don komai ba. Ta ce, "Inna, za su yi da ke." Na ce nan ya fi iska.

Gaskiya sanyi ne a wajen. Gobe sai in taho da rigar sanyi.